GIYAR MOTA MAI CANZA KANTA: YADDA HAKIMI DA MALAMINSA ZA SU GANE CIWONTA TUN DA WURI

Sarautar hakimi ba ta zaman zaure ba ce. Yau yana rangadi, gobe an kira shi taro Sakkwato, jibi an kawo masa ƙarar manoma da makiyaya daga wani ƙauye na bakin iyaka. A da doki ke ɗauke da wannan wahala, kuma da wuya a sami hakimin da bai san alamun ciwon doki ba. In ya ga ya ƙi dawa, ko yana ɗingishi, ba ya jira sai ya faɗi sa'an nan a nemo mai magani. Yanzu mota ta gaji doki, amma sanin nan bai biyo ta ba. An bar wa direba da bakanike, hakimi kuwa sai dai ya ji ƙarshen magana, watau yawan kuɗin da za a biya.

An shirya wannan darasi domin hakiman ƙasar Sabon Birni da Isa da malamansu, a kan ciwo biyu da su ke kama tsohuwar mota mai giya otomatik, watau giyar da ke canza kanta. Na fari shi ne jinkirin kamawa, na biyu zamewa.

Dalilin da ya sa aka keɓe wannan ƙasa ba ɓoyayye ba ne. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, ta wuce Isa ta nufi Shinkafi, ta sha ganin ta'adin 'yan bindiga. A kanta aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a shekarar 2024, ya rasu a hannunsu. Allah ya ji ƙansa. A wata ƙasa, in mota ta mutu a daji, asarar yini guda ce da kuɗin janwe. A nan ba haka ba ne. Motar da za ta yi shawara kafin ta tashi sa'ad da a ke bukatar ta juya nan da nan, ba motar da za a ɗora hakimi a cikinta ba ce.

YADDA TA KE AIKI

Direbobin da suka girma da Peugeot 504, wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun saba da giyar hannu da kuloci na ƙafa. Yawancin motocin da su ke riƙe yanzu, irin su Camry da Accord da aka sayo na hannu daga Amurka ko ta Kwatano, ba su da kuloci na ƙafa ko kaɗan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ya ƙago hanyar tura ƙarfin inji ta cikin ruwa a 1905, domin jiragen ruwa. Kamfanin General Motors na Amurka kuwa ya fara sayar da motocin Oldsmobile masu giya mai canza kanta a ƙarshen 1939.

A misalta fanka biyu suna fuskantar juna. In aka kunna guda, iskarta za ta juya ɗayar ko da ba su taɓa juna ba. Haka abin ya ke tsakanin inji da giyabos, sai dai a maimakon iska mai ne, a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe wadda bakanikai ke kira konbata. Bayan tukunyar akwai famfo wanda inji ke juyawa. Shi ke zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasa, ta cikin rariya, ya tura shi da ƙarfi zuwa waɗansu faya-fayai da ke jere a ciki. In mai ya matse wannan jeri, giya ta fari ta kama. In ya saki ya matse wancan, ta biyu ta kama.

Ashe ke nan mai a nan ba shafi kaɗai ya ke yi ba, kamar man inji. Shi ne jakada mai kai umurni, shi ne hannu mai riƙewa, shi ne kuma mai kwashe zafi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin, gama kusan dukan jinkiri da zamewa suna komawa ga abu guda: ƙarfin matsin mai bai isa wurin da a ke bukatarsa ba, ko kuwa ya isa amma faya-fayan sun cinye ba su da abin riƙewa.

JINKIRIN KAMAWA

Direba ya ta da mota, ya taka birki, ya jawo hannun giya daga N zuwa D. Lafiyayyar mota ta kan ɗan girgiza nan take, alamar ta kama. Littattafan gyara na Toyota sun yanka iyaka ga yawancin tsofaffin giyoyinsu: daga N zuwa D kada ya kai sakan 1.2, daga N zuwa R, watau ribas, kada ya kai sakan 1.5. Ana yin gwajin ne bayan mota ta yi zafi, an ja birkin hannu, inji yana tafiya a hankali ba a taɓa totur ba. A gwada sau uku, a bar minti guda tsakani. Malamin hakimi da agogon wayarsa ya isa wannan aiki. In aka ƙidaya sakan uku, huɗu, biyar, sa'an nan ta kama da bugu kamar an ture ta daga baya, akwai magana.

Amma ba yawan jinkirin kaɗai a ke dubawa ba. Lokacinsa da wurinsa su ke tona asiri.

In da asuba kaɗai ta ke yi, musamman da hunturu, ta ware bayan ta ɗan yi zafi, abin da ya fi yawa shi ne mai ya tsiyaye daga cikin tukunyar ya koma kasko da dare, sai famfo ya sake cika ta. Ko kuwa zobban roba da ke tare mai sun tsufa sun ƙandare, sai sun ji ɗumi su ke laushi. Irin wannan mota ta kan yi shekaru tana aiki, muddin direba ya yi haƙurin minti biyu kafin ya sa giya, bai kuwa taka totur domin ya gaggauta ta ba. Wannan taka totur shi ne babban laifi. Inji ya yi sama, faya-fayai su kama a tsakiyar gudu, kowace safiya ana ƙona su kaɗan kaɗan.

In kuwa da sanyi lafiya lau, sai an yi tafiya mai nisa da tsakar rana ta fara jinkiri, wannan ya fi muni. Mai in ya yi zafi ya kan tsinke, ya riƙa kuɓucewa ta duk inda ƙarfe ya ci ko roba ta tsage. Alama ce ta famfo ya gaji ko akwai yoyo a ciki.

Sai kuma a lura ko jinkirin a gaba ne, ko a baya, ko duka biyu. In duka biyu ne, a zargi abin da suka yi tarayya a kansa, watau ƙarancin mai, ko toshewar rariya, ko famfo. In D kaɗai ne, ribas kuwa ƙalau, to, jerin faya-fayan gaba ne. In ribas kaɗai ne, na baya ne. Bakaniken da aka kai wa wannan bayani a rubuce an rage masa aikin yini guda, an kuma rage masa hanyar ƙarin kuɗi.

ZAMEWA

Zamewa ita ce inji ya yi ruri, allurar agogonsa ta hau, amma mota ba ta ƙara gudu ba. An fi jin ta wajen hawan tudu, ko in an cika kaya, ko a daidai lokacin da giya ke barin ta biyu za ta shiga ta uku, inji ya yi tsalle sa'an nan ya dawo. In a kowace giya ta ke yi, matsin mai ne ya gaza. In a guda ɗaya tak, faifan wannan giyar ne ko makunnin lantarki da ke buɗe mata mai. In sai an sha kwana ko an taka birki da ƙarfi ta ke saki na ɗan lokaci, kusan tabbas mai ne ya yi ƙasa, ya karkata gefe guda famfo ya zuƙi iska.

Akwai abubuwa da su ke kama da zamewa alhali ba ita ba ce, an kuwa sha sauke giyabos mai lafiya saboda su. A cikin rairayi taya ta kan juya a wuri guda. A nan maleji yana hawa tare da inji, a zamewa ta gaskiya kuwa inji kaɗai ke hawa. Injin da fulogi ya mutu masa ya kan yi shessheƙa da fizga, amma ba ya ruri a banza. Birkin da ya riƙe ya kan sa mota nauyi, taya ta yi zafi. Haka nan motocin da ke da ƙwaƙwalwar lantarki, in ta hango wani aibi ta kan kulle giya a wuri guda, galibi ta uku, domin a lallaɓa a kai gida. Sai mota ta tashi da ƙyar kamar jakin da aka yi wa lodi, direba ya rantse giya ta mutu, alhali wata 'yar waya ce ɓera ya ci, ko ruwa ya shiga wani soket. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace ƙaramar mota da za a sayar can ta zo da wurin da a ke jona na'ura a karanta abin da ƙwaƙwalwar ta rubuta. Lambar P0700 na nufin akwai ƙara daga wajen giya, P0730 kuwa na nufin gudun da ke fita bai yi daidai da giyar da aka sa ba, watau shaidar zamewa. Kuɗin karatun nan ba ya kai kusa da kuɗin sauke giya. A tsofaffin motoci na kafin wannan zamani akwai wata waya da ta taso daga totur zuwa giyabos. In ta saki, matsin mai ya kan ragu, gyaranta kuwa aikin sifana ne na 'yan mintoci.

DUBA MAI

Kafin a kira kowa, a duba mai. A tsai da mota a wuri madaidaici bayan ta yi tafiyar kamar kwata guda, a bi da hannun giya ta kowane harafi a hankali, a dawo da shi P. A yawancin motoci, har da Toyota, ana zaro tsinken awo inji yana aiki. Honda ta saɓa: a kashe inji, a auna cikin minti guda da rabi. Wanda ya auna Toyota da inji a kashe zai ga mai ya yi yawa alhali kuwa ya gaza. Waɗansu motoci na baya-bayan nan ba su da tsinken sam, sai a gareji a ke auna su ta wani noti da ke ƙasa.

A ɗiga man a kan farar takarda, a fita da ita rana. Lafiyayye ja ne garau, ana hango takarda ta cikinsa. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, lokacin canji ya yi. Baƙi mai ƙauri kamar ƙanzon tukunya shaida ce faya-fayai sun riga sun ƙone, sabon mai ba zai dawo da su ba. Mai kumfa ko dai an cika shi fiye da kima, ko ya gaza yana haɗuwa da iska. Yawa da ƙaranci duka suna kawo zamewa.

Wanda ya fi duka hatsari shi ne wanda ya yi kauri, ya koma kamar an dama madara da ja. Ruwa ne ya shiga. Ƙofofinsa biyu ne. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto domin ya huce, in bututun ya fashe sai ruwa da mai su gauraya. Ɗaya ƙofar kuwa ta shafi wannan ƙasa ƙwarai. Kowane giyabos yana da 'yar kafar numfashi a samansa. Da damina, sa'ad da Gulbin Rima da Bunsuru da Gulbin Maraɗi suka cika suka malale fadamu, direba ya kan faɗa mashigi da mota tana zafi. Ƙarfe ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, kafar ta zuƙi ruwa. Abin da aka liƙa a jikin faya-fayan dangin takarda ne, ruwa kuwa yana ɓamɓare shi. Saboda haka duk ran da mota ta ratsa ruwan da ya haura tsakiyar taya, a duba launin mai a ranar, ba sai mako ya kewayo ba. In ya sāke, kada a ƙara tafiya da ita.

ABIN DA ƘASAR GOBIR KE YI WA GIYA

Zafi shi ne babban abokin gābar man giya. An yi shi ya yi aiki a wajen digiri 80. In ya haura 120 ya kan lalace da sauri, robobi su ƙandare. A watan Afrilu zafin inuwa kansa a ƙasar Sakkwato yana wuce digiri 40, ga lagireto cike da ƙura da ƙaiƙayi, ga mota an ɗora mata fadawa da buhunan gero. Wanke fuskar lagireto da tabbatar da fankarsa na juyawa rabin kiwon giya ne, ko da ya ke direbobi kaɗan ne su ke haɗa abu biyun a ransu.

Sa'an nan ga rairayi. Hanyoyin ƙauyukan da suka nufi iyakar Nijar, da wadda ta bi wajen kufan Alƙalawa, tafiyar yashi ce. A cikin yashi fankar nan ta gaba tana gudu, ta baya tana ja da ƙyar, bambancin kuwa duk zafi ya ke komawa. Maganinsa a jawo hannun giya zuwa L ko 2 tun kafin a shiga, in mota mai jan ƙafa huɗu ce a sa mata ƙaramar giyarta. In ta kafe, al'adar direbobi ita ce su riƙa wurga ta daga D zuwa R suna taka totur. Minti goma na wannan wasa sun fi tafiyar shekara ɓarna. A sauko a haƙe, a rage iskar taya, a shimfiɗa kara ko ƙirare, a kira mutanen gari su tura. Hakimi ba ya rasa masu turi.

Na uku shi ne man kansa. Kowace giya da irin nata, kuma an rubuta shi a kan tsinken awo ko a littafin mota: Dexron, wanda General Motors ya fito da shi a 1967, ko T-IV da WS na Toyota, ko DW-1 na Honda. Jan launi ba shaida ba ne, rini ne kawai. Man da a ke aunawa a kwalba a bakin tasha ba wanda ya san asalinsa. Baƙin man giyar hannu mai kauri ba ya shiga nan, haka man inji. Akwai masu zuba man birki wai don roba ta kumbura ta daina yoyo. Ta kan kumbura kuwa, kwana kaɗan, sa'an nan ta narke baki ɗaya.

Ana yawan cewa wai canza mai shi ke kashe giya otomatik. Asalin maganar shi ne mutane ba su tuna da canji sai giya ta fara zamewa, in ta ƙarasa mutuwa bayan mako biyu sai a ɗora wa sabon mai laifi. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce: giyar da faya-fayanta suka cinye, garin da suka zubar a cikin tsohon mai ya kan ɗan taimaka mata riƙo, in an zubar sai aibin ya fito fili. Amma wadda manta bai yi baƙi ba, canji alheri ne a gare ta. A kwance kasko, a sāke rariya, a zuba daidai abin da ya fita. Ba dukan man ke fita ta nan ba, sashe mai yawa yana zaune a cikin tukunya, don haka ya kyautu a maimaita bayan an ɗan yi tafiya.

AIKIN MALAMI

Malamin da ya iya riƙe littafin haraji da na shari'ar gona ba zai kāsa riƙe littafin mota ba. A ware mata shafi. Kowace Jumma'a a rubuta abin da maleji ya nuna, da tsayin mai a tsinke, da launinsa, da sakan nawa ta ɗauka kafin ta kama gaba da baya. A rubuta ranar da aka ratsa ruwa, da ranar da aka ƙara mai, da yawansa, da sunansa. Giya ba ta shan mai kamar inji. In ana ƙari, yana zuba a wani wuri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare a ga inda ya ɗiga. Amfanin littafin shi ne jinkirin da ya tashi daga sakan ɗaya zuwa uku a cikin wata shida, direban da ke tare da ita kullum ba ya ji, amma takarda tana nunawa. Kada kuma a tsananta wa direban da ya kawo rahoton aibi. Wanda aka ci wa tara sau ɗaya, gobe ɓoyewa zai yi.

In magana ta kai ga gareji, malami ya tafi tare da littafinsa. Ya nemi a fara da mai arha: awon mai, karatun na'ura, awon matsin mai da geji, sa'an nan kwance kasko a gabansa. A cikin kaskon akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka a jikinsa ba kome ba ne, cin yau da gobe ne. Amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin gari ya taru kamar dussa, to, babu makawa sai an sauke. A nan a nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, a kuma ce a dawo da duk abin da aka cire.

Sau da yawa za a ba da zaɓi tsakanin gyaran tsohuwar da sayen wata ta hannu, daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. In an zaɓi saye, lambar da ke jikin sabuwar ta dace da ta tsohuwar, gama mota iri ɗaya shekara ɗaya ta kan zo da giya daban. A yi sharaɗin kwanakin gwaji da mai sayarwa a gaban shaidu. A wanke bututun lagireto sarai, ko a sāke shi in ta nan ruwa ya shiga, in ba haka ba dattin tsohuwar zai kashe sabuwar. Waɗansu bakanikai su kan ƙara ɗan lagireto na musamman domin man giya, kuma ga motar da ke aikin yashi wannan kuɗi ne da ba a yi asararsa ba.

In kuwa ta riga ta tsaya a hanya, direba ya sani ba a ta da irin wannan mota da turi, gama famfo ba ya juyawa sai inji na aiki. Saboda wannan dalili kuma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyinta masu ja suna ƙasa, don kayan ciki za su yi ta juyawa babu mai. Daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato ya wuce abin da za ta jure. A ɗora ta a bayan babbar mota, ko a ɗaga tayoyin gaba in su ke ja, ko a kwance farfela in na baya ne. Hakimi da mutanensa kuwa su shiga wata motar su bar wurin tun da sauran rana, a dawo ɗaukarta da rakiya.